Abin da Malam Halilu Ya Ce Ba Ya So

Shekara ashirin da biyu Malam Halilu Funtuwa ya yi yana shiga wani tsohon gini a tsakiyar birnin Washington ta ƙofar baya. Ba hana shi ta gaba aka yi ba. Ta bayan ce ta fi kusa da matakalar da ke sauka ƙarƙashin ƙasa, inda tukunyar ɗumama ginin take, shi kuwa ba ya son zagaye-zagaye sai a magana.

Ginin bene ne hawa bakwai na jan bulo, maɗaba'a aka gina shi tun kafin yaƙin duniya na farko. Lokacin da Malam Halilu ya same shi, injinan buga takardu sun daɗe da yin shiru. An yayyanka benayen an mai da su ofisoshi, ƙananan lauyoyi suna haya, da ƙungiyoyi masu ma'aikata uku-uku da suka ɗauki alwashin gyara duniya. Duk waɗannan mutane suna shan ɗumi daga Nuwamba zuwa Afrilu ba tare da sun taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. A sana'ar Malam Halilu babu yabon da ya wuce wannan.

A wata masaƙa a Kaduna ya koyi aikin. Shekara goma sha huɗu yana kula da tukwanen tururi a can, har zuwa watan da aka biya su albashi da bandir ɗin yadi, aka ce kowa ya je kasuwa ya nemi mai saye. A shekarar ne sunansa ya fito a cacar bizar Amurka, wadda wani abokin aikinsa ya cike masa don tsokana. Ya zo da matarsa Furera da 'yarsu tilo, Aliyya, suka kama haya a Laurel, ɗaki biyu da falo a hawa na uku, ba lif. Ya yi shekara uku yana ɗaga kwali a wani sito kafin ya ci jarrabawar lasisin masu kula da tukunya, a zama na biyu. Tun daga nan kullum jirgin ƙasa yake bi ya shigo birni, da kwanon abincinsa da ƙaramar darduma a jaka.

Bai taɓa sayen gida ba. Niyya akwai ta, maganar ruwan banki ce ta tsaya masa. Ya tambayi malamai uku ya sami amsa uku, kafin ya gama auna wadda zai ɗauka farashin gidaje ya ninka. Sai ya ci gaba da tari yana jiran ranar da kasuwa za ta sauko ta same shi, ita kuwa kasuwar ba ta san ana jiranta ba.

Ana haka gwiwoyin Furera suka fara ƙin matakala. Aliyya ta yi aure, mijinta Tahir injiniya ne mai ladabi, suna da gida a Springfield, a ƙarƙashinsa akwai sashe guda da aka gyara, da kicin ɗinsa da banɗakinsa. Duk Sallah sai Tahir ya durƙusa ya ce sashen nan yana nan ba kowa, Baba da Mama su dawo. Duk Sallah sai Malam Halilu ya ƙi. A Funtuwa mutum ko abinci ba ya ci gaban surukinsa, balle ya kwanta a ƙarƙashinsa yana jin takunsa a bisa kansa. Abin da ya fi tsoro a duniya ke nan, ya fi tsoronsa a kan ciwo: ya tsufa ba shi da ƙofar da zai rufe ya ce tasa ce, a kai shi gidan mijin 'yarsa a ajiye.

Wannan a'a da yake ba Tahir ta gaske ce. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa yana iya bambanta ta da ɗayar. Ta gaske takan zo da dalilai, mutum yana kallonka ido da ido. Ɗayar kuwa ba ta da dalili ko ɗaya, da addu'a take zuwa, kai a sunkuye, kuma mai ita ba ya tashi daga inda yake zaune.

Muntaka ya san wannan, domin a gidan Malam Halilu ya sauka. Ɗan abokin nan ne da ya cike takardar caca. Ya zo karatu, ya kwana a falonsu shekara biyu da wata huɗu, Furera tana wanke masa kaya tana yi masa faɗa kamar ita ta haife shi. Bai gama karatun ba, amma ya gano baiwarsa: yana iya tsayawa a tsakiyar ɗakin da ba komai ya sa mutum ya ga 'ya'yansa suna wasa a ciki. Ya zama dillalin gidaje mai lasisi. Kusan rabin 'yan Arewan da suka sayi gida a Mitchellville ta hannunsa suka saya. Bai daina kiran Malam Halilu Kawu ba, kuma duk inda suka haɗu sai ya karɓe masa jaka.

Sai annoba ta zo. Lauyoyin suka tafi gida da kwamfutocinsu, masu gyara duniya suka gano ana iya gyara ta daga teburin kicin. Annobar ta wuce, ba su dawo ba. Malam Halilu ya yi hunturu biyu yana ɗumama bene bakwai don kada bututu su daskare su fashe, ba kowa a ciki sai shi da mai gadin ƙofar gaba, Kambai, mutumin Kafanchan, wanda suka shafe shekara ashirin suna zagin juna cikin mutunci. Kambai yana kiransa Alhajin Ƙasa, shi kuma yana kiransa Fasto, ko da yake ɗaya bai je Makka ba tukuna, ɗayan kuma sai Kirsimeti ake ganinsa a coci.

Mai ginin wata tsohuwa ce, Constance, jikar mutumin da ya kafa maɗaba'ar. Ta daɗe tana ƙin sayarwa. Da ta ga ba mai haya, sai ta yarda ta haɗa hannu da wani kamfani da ke sayen tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari yana mai da su gidajen kwana irin waɗanda ake kira lof. Lof ɗaki ne guda makeke mai dogon rufi, ba silin, ba filasta, bututu da wayoyi duk a waje. A Funtuwa idan aka ga gida haka, an san ƙarfin mai shi ne ya ƙare ana tsakiyar aiki. A Washington sai an ƙara maka farashi kafin a bar maka bulon a tsirara.

Da Malam Halilu ya ji za a buƙaci mai sayar da gidajen, sai ya sa hula ya hau hawa na bakwai, ya gaya wa Constance yana da ɗa mai wannan sana'a, yaro mai amana, a hannunsa ya tashi. Ita kuwa ta matsa wa kamfanin har suka ɗauke shi. Wannan ita ce alfarma ɗaya tak da Malam Halilu ya taɓa nema a ginin nan, kuma bai ji nauyin nemanta ba, tunda ba don kansa ba ce.

Wata Talata da la'asar, cikin watan Oktoba, Constance ta kira shi da Kambai ofishinta. Akwai mutum biyu na kamfanin, da lauya, da Muntaka a gefe da kwamfuta, shi aka ce ya rubuta abin da aka tattauna. Ta ce a cikin yarjejeniyar ta ware gida biyu a hawa na biyu, inda masu jera haruffa suke zama a zamanin kakanta, don mutum biyun da suka fi kowa daɗewa da ginin. Ba kyauta ba ne, amma farashin bai kai kashi ɗaya cikin uku na kasuwa ba. Malam Halilu ya ji adadin, ya ga abin da ya tara zai biya shi ba tare da ya taka ƙofar banki ba. Akwai lif. Akwai taga uku dogaye masu kallon titi.

Da Kambai ta fara. Kambai bai bari ta kai aya ba, ya ce yana so, ya tambayi inda zai sa hannu, kowa ya yi dariya.

Ta juyo. "Mista Halilu, kai fa? Lamba ɗari biyu da huɗu."

Malam Halilu ya yi shekara ashirin da biyar a ƙasar nan. Ya san idan ka ce wa mai kanti a'a ya tafi ke nan, haka likita, haka direban bas. Amma Constance ba mai kanti ba ce a wurinsa. Uwar gidan da ya yi wa hidima ce, ta halarci bikin Aliyya, shi kuma ya raka gawar mijin tsohuwar. Ga abin da girma, ga baƙi zaune, ga ɗansa na kallo. Dattijon da aka miƙo wa irin wannan ya wawura a tayin farko, ya nuna ke nan duk shekarun nan ido ya zuba yana jira.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji shi da Turanci, kansa a ƙasa. "Wannan ya yi yawa. Aikina na yi, an kuma biya ni. Allah ya saka da alheri."

"Ka tabbata?"

A lissafin Malam Halilu wannan shi ne tayi na biyu, saura ɗaya. A lissafin Constance shi ne na ƙarshe.

"Kada ki damu da ni, wallahi. Allah ya ƙara lafiya."

Ya ɗan karkata ido ya dubi Muntaka. A gida, nan ne wurin yaro. Shi zai gyara zama ya ce a yi haƙuri da Kawu, haka halinsa yake, an karɓa, an gode. Dattijo ya yi ɗan faɗa, a yi dariya, a shafa fatiha, kowa ya tashi da mutuncinsa, gida kuma ya zama nasa. Malam Halilu ya saurara. Abin da ya ji shi ne ƙarar yatsu a kan kwamfuta.

Constance ta dube shi kamar wadda aka mayar wa da kwanon abinci ba a buɗe ba, sannan lauya ya wuce zuwa batu na gaba.

A matakala Malam Halilu ya riƙo hannun Muntaka. "Ka dai gane."

"Haba Kawu, ni za a gaya wa? Ka bar mini. Zan daidaita komai."

Kambai, da yake biye da su, ya ce, "Alhajin Ƙasa, masu gane wannan kunyar taka a Funtuwa ka baro su. Juya ka hau yanzu ka ce mata kana so, tun ba ta sa kot ɗinta ba."

"Fasto, kai ai ko guba aka miƙo maka hannu biyu za ka sa."

"In dai da lif a ciki, a miƙo."

Bayan mako uku Kambai ya zo da tulin takardu yana ƙorafin hannunsa ya gaji da sa hannu, ya tambayi Malam Halilu ina nasa. Malam Halilu ya ce nasa suna hannun ɗansa. Da yamma ya buga wa Muntaka waya, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da aiki, da labarin gida, sai da za su yi sallama ya ce, ya maganar nan tamu. Muntaka ya ce tana nan, Kawu ya kwantar da hankalinsa. Haka suka yi ta yi duk bayan wata biyu ko uku. Kambai ya ce ya nemi ko da shafi ɗaya ne a rubuce. Malam Halilu ya ce wanda ya nemi takarda wurin yaron da ya kwana a falonsa ya kira shi maƙaryaci ke nan, shi kuwa bai ga abin da yaron ya yi masa ba.

Da bazara ta shigo aka kashe tukunyar. Kowane gida zai sami ɗan injin ɗumamarsa, ba a buƙatar mutum a ƙasa. Masu walda suka yi kwana tara suna yayyanka ta, shi yana nuna musu inda za su fara don kada ta rufto musu. A ranar ƙarshe kamfanin ya kawo kek, wata yarinya ta ɗauke shi hoto da waya yana riƙe da sifana. Ya koma Laurel ya zauna, ɗan fansho, yana jiran a gama masa gida.

Furera ba ta iya jira shiru ba. Ta gaya wa mata a wurin suna, ta gaya musu a wurin walima. Ta aika Kano aka sayo mata yadin labule mai nauyi, bandir guda, tunda an ce tagogin sun kusa ninka tsawon mutum biyu. Da takarda ta zo daga sababbin masu gidajen hayarsu cewa za a yi gyara, kowa ya tashi kafin ƙarshen Maris, Malam Halilu ya karanta ya ninke ya ce Allah ya daidaita lokacin. Tahir ya zo ya sake durƙusawa. Malam Halilu ya dube shi ido da ido ya ba shi dalilai.

Wata Asabar cikin Fabrairu aka buɗe ginin don masu saye su zo su gani. Ba wanda ya gayyace su. Furera ce ta ga sanarwa a wayar Aliyya. Suka shiga jirgi da hantsi, ita da tef ɗin awo a jaka. Ranar ce Malam Halilu ya fara shiga ginin ta ƙofar gaba.

An goge tsohon injin buga takardu an kafa shi a tsakiyar zaure, an kewaye shi da igiya. Murfin tukunyarsa, wanda ya yi shekaru yana fama da tsatsarsa, an rataye shi a bango da fitila a kansa. Kusa da shi hoton nan ne na ranar kek, an faɗaɗa shi, an cire masa launi ya koma fari da baƙi, ya yi kama da hoton mutumin da ya rasu kafin a haifi kowa a wurin. Ba suna a ƙasa. Wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Rachel ta dubi bangon ta dube shi, ta ce ashe shi ne na hoton, ta ji daɗi ƙwarai, ta miƙa masa takardar farashi ko yana sha'awa.

Kambai ya fito daga lif. Kwana uku ke nan da karɓar mukullinsa. Ya tsaya, ya cire hula, ya gai da Furera, sannan ya ce, "Malam Halilu, sannu da zuwa."

Shekara ashirin bai taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Suka hau tare. A hawa na biyu akwai ƙofa mai lamba ɗari biyu da biyu, ta Kambai, mai kallon kwandunan shara ta baya. Akwai ɗari biyu da uku. Daga nan sai bango ya miƙe sumul, da sabon fenti, har zuwa ɗari biyu da biyar. Ƙofar ɗari biyu da uku a buɗe take don masu kallo, da jan tambari a jikinta alamar an riga an sayar. A ciki an jera kujerun haya da kwanon lemon roba, kamar yadda ake yi don mai saye ya ga yadda rayuwa za ta kasance. Furera ta tsaya a tsakiyar ɗakin da tef a hannu tana ƙirga tagogi.

"Malam, uku ka ce mini. Shida nake gani."

Kambai ne ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Wani mai saye ne ya ce yana son gida biyu a haɗe, zai biya abin da aka ce. An rushe bangon tsakiya tun bara. Shi ma sai ranar Laraba ya gani, ya ɗauki waya sau huɗu yana ajiyewa.

Muntaka ya shigo da wasu mata da miji yana nuna musu tsawon rufi. Da ya gan su bai razana ba, sana'arsa ba ta yarda da haka. Ya nemi izinin baƙinsa, ya zo ya rusuna. Duk abin da ya biyo baya da Hausa aka yi shi, a hankali, fuskoki a sake, har matar nan ta gaya wa mijinta cewa tana son yadda mutanen Afirka suke daɗewa suna gaisawa.

"Muntaka, ina ƙofata?"

"Kawu, kai ka ce ba ka so. Sau biyu. Gaban lauya."

"Gaban lauya na faɗa. A matakala fa, me na faɗa maka?"

"Ni abin da aka faɗa a ofis aka ce in rubuta, Kawu. Ƙasar nan ba a rubuta abin da ke zuciyar mutum. Na so in gyara daga baya, abin ya riga ya fita hannuna."

"Wata goma sha shida kana ce mini tana nan."

Muntaka ya dubi takalminsa. Ya ce akwai wani gini da za a fara a wata unguwa, zai sa ido, in Allah ya yarda wani abu zai fito.

Furera ta naɗe tef ɗin a hankali har ƙarshe kafin ta yi magana. "Shekara biyu kana cin abinci a gidana. Sau nawa ka ce mini ka ƙoshi?"

Ta matso kusa da shi.

"Sau nawa na ɗauke kwanon?"

Baƙinsa suna jira. Ya ce Mama ta yi haƙuri, zai zo gida a yi magana, ya koma ya ci gaba da nuna rufi.

Aliyya ba ta da kunyar iyayenta, a nan ta girma. Ta nemo lambar Constance, wadda ta koma wurin 'yarta a wata jiha can arewa. Tsohuwar ta yi kuka a waya. Ta ce abin ya tsaya mata a rai tun ranar, shi ya sa bayan mako guda ta kira Muntaka ta tambaye shi, tunda shi ya san al'adarsu, ko Mista Halilu da gaske yake, ko ta sake yi masa magana su biyu. Muntaka ya ce kada ta yi. Ya ce Kawunsa yana gina katafaren gida a Nijeriya, can zai koma, kuma a wurinsu cin fuska ne a sake tayar wa dattijo maganar da ya riga ya rufe. Ta gode masa da ya hana ta yin kuskure.

Ashe tayi na uku ya zo. A hanya aka tare shi.

Malam Halilu ya sa Aliyya ta maimaita masa wannan wurin sau biyu. Ba shi da ko fegi a Nijeriya, Muntaka kuwa ya fi kowa sani. Gidan da aka sayar wa mai gadi ko mai tukunya da rangwame ba ya kawo wa dillali komai. Gida biyu a haɗe mai taga shida kuwa shi ne ciniki mafi girma a hawan.

Aliyya ta nemo takardun taron nan ta kai wurin wani lauya. Lauyan ya karanta ya ce ya daɗe bai ga rubutun taro mai tsabta irin wannan ba: an yi tayi, an ƙi, an sake tambaya, an sake ƙi, ga shaidu shida. Ya tambaya ko mahaifinta ya musanta cewa ya faɗi haka. Ta ce bai musanta ba. Ya ce to.

Dattawa sun zauna a kan maganar a wani falo a Mitchellville bayan sallar Juma'a. Wasu suka ce cin amana ne tsagwaronsa. Wasu suka ce Malam Halilu ma da laifinsa, mutum ya yi shekara ashirin da biyar a wuri ya kamata ya san yadda ake magana a cikinsa. Akasarin masu wannan ra'ayin Muntaka ne ya samo musu gidajen da suke ciki, falon da ake zaune ma haka. Aka tashi a kan cewa a yi haƙuri, kuma za a ja wa yaron kunne. Ba a daina gayyatarsa ko'ina ba. Kowa yana da ƙane ko ɗa da zai buƙaci gida nan gaba, kasuwa kuma ta yi tsanani.

Malam Halilu da Furera sun nemi wata hayar. Abin da fansho zai ɗauka duk a hawa na uku yake ko ya fi, wanda ke da lif kuwa ana jerin jira na shekara biyu. Ranar talatin ga Maris, cikin azumi, Tahir ya zo da motar haya babba. Bai durƙusa ba, bai yi tayi ba, ya fara ɗaukar kaya kawai, kuma Malam Halilu ya gode masa a zuci da wannan.

Sashen yana da kyau, ba mai cewa ba shi da kyau. Akwai kafet, akwai taga biyu ƙanana can sama kusa da rufi, ta inda ake ganin ƙafafun masu wucewa da tayar mota. Tahir ya koma yawo da safa a gidansa don kada a ji takunsa, yana fita ta gareji. Malam Halilu ya haddace lokutan fitarsa da dawowarsa don kada su haɗu a tsakar gida ya sa yaron durƙuso a kan siminti. Mutum biyu masu ladabi suka dinga guje wa juna a gida ɗaya. Akwatunan kuwa ya hana a kwance. Ya jera su a jikin bango yadda aka sauke su, suna ciro abin da suke buƙata suna mayarwa, kamar masu jiran jirgi.

Kwana biyu bayan Sallah, da hantsi, Muntaka ya zo gaisuwa da kwandon 'ya'yan itace naɗe da leda mai ƙyalli. Aliyya ta so ta hana shi shiga, uban ya aiko a bar shi. Ya sauko, ya zauna a ƙasa. Malam Halilu ya amsa gaisuwarsa tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba, ya tambayi matarsa da yara da sunayensu. Furera ta kawo ruwa da cincin. Muntaka ya yi maganar sanyi da ya ƙi tafiya bana, da tsadar kaya, da ginin nan da za a fara. Malam Halilu ya tambaye shi wane ne ya sayi gidan. Ya ce wani lauya ne daga wani gari, yana shigowa birni kwana biyu a mako, sauran kwanakin a rufe yake. Malam Halilu ya ce Allah ya sa ya ji daɗinsa.

Da hira ta ƙare Muntaka ya miƙe. "Kawu, zan koma."

"To. A sauka lafiya."

Muntaka ya tsaya a gindin matakala yana gyara agogo, yana jiran dattijon ya laluba takalmi. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin Malam Halilu ya san sai ya raka shi har mota, ko ana ƙanƙara, ko yaro ne ƙarami, ya tsaya yana ɗaga hannu har a sha kwana. Malam Halilu yana zaune, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon bango. Muntaka ya ƙara cewa zai koma. Ba wanda ya motsa. Ya hau matakala goma sha biyu shi kaɗai, ya buɗe wa kansa ƙofa.

Ta ƙaramar tagar suka ga takalminsa ya wuce, suka ga tayar ta juya.  Malam Halilu ya ce wa Furera ta miƙo masa wuƙa, ya jawo akwatin farko, ya yanke igiyar.